Hunturu: Yadda ƙananan yara ke wasa a ɗaka a karkarar Kano

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, kamar Kanada da Rasha da Norway, akwai ranakun da sanyi kan tsananta har a hana ƙananan yara fita. A irin waɗannan ranaku iyaye da malaman makarantun rainon yara kan ɗebo dusar a daro su shigo da ita ɗaki, su miƙa wa yara cokula da kofuna, su yi ta gini suna rushewa har ta narke.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Kano. Amma daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, uwa a ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir tana fama da matsalar da takwararta ta Kanada ke fama da ita: yaya za a yi da yaro ɗan shekara uku, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, a safiyar da ba za a bar shi ya fita ba?

Gidajen manoma sun daɗe da samun mafita daga abin da gona ta bari bayan kaka, da kuma wutar da ake hurawa a ɗaki. Wutar nan ita ke tara yara wuri guda, ita ce kuma babban haɗarin da ke kansu a wannan lokaci.

Ƙanƙara da dusarta

Ko sunan da Hausawa suka raɗa wa wannan abu da ba su da shi, daga bakin turmi suka ɗauko shi. Ƙanƙara dai an san ta, domin takan faɗo tare da ruwan sama mai ƙarfi, yara su fita da gudu suna tsinta suna tsotsa kafin ta narke. Da aka ji labarin wata iri mai laushi, wadda ke sauka fara fat ba ta yi wa kowa rotse, sai aka kwatanta ta da dusar da ke fita daga hatsi idan an yi surfe.

Su biyun ba hanyarsu ɗaya ba. Ƙanƙara tana samuwa ne a cikin hadari mai tsawa, inda iska ke cilla ɗigon ruwa sama can inda ake tsananin sanyi, ya daskare, ya yi ta kauri har nauyinsa ya jawo shi ƙasa. Shi ya sa ake iya ganinta ko a ƙasa mai zafi. Ita kuwa dusar ƙanƙara tururin ruwa ne da ke daskarewa ya zama 'yan ƙwayoyi masu kusurwa shida, kuma ba ta isowa ƙasa sai idan iskar da ke kusa da ƙasa ita ma ta kusa kaiwa ga daskarar da ruwa.

A Afirka ana samunta a tsaunukan Atlas na Maroko da kuma Lesotho. Ta taɓa sauka a garin Ain Sefra na Aljeriya, a bakin Sahara, a 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018. Masu kuɗi kuma sun gina mata gidaje na musamman da na'ura ke sanyayawa, kamar wanda aka buɗe a Dubai a 2005 da na kusa da Alƙahira a 2017.

Daga ina sanyin yake zuwa?

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, daga Sahara, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris. Busasshiyar iska ce, kuma da yake babu gajimaren da zai riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, da faɗuwar rana sai zafin ya tsere. A Kano, a watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauko zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, wasu ranakun ma ƙasa da haka, alhali da azahar ana iya kaiwa kusan digiri 30.

Mutumin Turai zai iya yi wa digiri 13 dariya. Sai dai shi yana da gidan da aka gina domin sanyi da tufafin da aka ɗinka dominsa. Yaron ƙauye sau da yawa riga ɗaya ce a jikinsa, kuma ƙaramin jiki ya fi babba saurin zubar da ɗuminsa.

Yawancin ƙurar da ke haddasa hazo tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a dā can ƙasan wani babban tafki ne. Iska na matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin ƙasar. Masana na ɗaukar wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura, har wata takan ƙetare tekun Atlantika zuwa Kudancin Amurka. Wadda ta sauka a Kano kuwa ita ce ke mayar da gashin ido da girar yara fari, ta busar da leɓe, ta kawo kaushi da faso.

Saboda haka yinin yaro a hunturu kashi uku ne. Daga asuba zuwa hantsi yana ɗaka ko a gindin murhu. Idan rana ta ɗaga sai a fito shan hantsi a jikin katangar da ke kallon gabas, daga nan wasa ya bazu a tsakar gida da ƙofar gida. Da magariba kuma a sake komawa ciki.

Ƙasar da babu saura

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya fara nazarin yankin a shekarun 1960. Ya nuna cewa kusan kowace gona ana noma ta duk shekara ba a barin ta ta huta, kuma abin da ke riƙe da ƙarfinta shi ne takin da ake kai mata da rani, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni.

A irin wannan ƙasa ba a zubar da komai. Harawar wake da ta gyaɗa tana kan soro ko a reshen bishiya domin dabbobi. Dusa abincin awaki ce da kaji. Kara kuwa da shi ake darni, da shi ake girki, da shi ake rufi da gado. Abin wasan yaro yana fitowa ne daga ɗan abin da ya rage bayan duk waɗannan buƙatu.

A nan ne shawarwarin da ake bai wa iyayen Turai ba sa karɓuwa. Can idan babu dusar ƙanƙara ta gaske, akan kwaɓa ta jabu da garin fulawa ko hodar gasa burodi da kumfar aski, ko a zuba wa yaro shinkafa a faranti ya yi ta wasa. A gidan da ake auna hatsi da kwano a lissafa ko zai kai damina, wasa da abinci almubazzaranci ne, kuma yaron da ya gwada zai sha faɗa, daidai ne kuwa.

Hunturu kuma lokacin cin rani ne. Magidanta da samari da dama sun tafi birni ko kudu neman kuɗi, wasu suna gonakin noman rani a bakin madatsun ruwa kamar na Tomas kusa da Ɗambatta da na Watari a Bagwai. Gida ya rage mata da tsofaffi da yara. Mai kula da wasan ƙaramin yaro galibi yayarsa ce 'yar shekara bakwai ko takwas, wadda ita ma ba ta gama wasan ba.

Kara

Idan za a nemi abin da ya zame wa yaron Kano kamar yadda dusar ƙanƙara ta zame wa yaron Kanada, karan dawa ne. Yana zuwa da lokacinsa, yana zuwa da yawa, kuma hannu kawai yake buƙata.

Sirrinsa shi ne kashi biyu gare shi. Akwai ɓawon waje mai ƙarfi, wanda ake ɓarewa siri-siri ya zama kamar tsinke, yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Akwai kuma totuwar ciki, fara mai taushi, mara nauyi, wadda ake iya yankawa da farce. Idan aka soka tsinken ɓawo a cikin totuwa sai ya kama, ba ƙusa ba danƙo. Da wannan dabara guda ake haɗa komai.

Da ita yara maza ke ƙera motar kara, da akorinta da ƙofarta, a yi mata tayoyi da fasasshiyar ƙwarya ko tsohon silifa ko murfin kwalba. Da ita ake yin tabarau, da agogon hannu, da keke, da jirgin sama, da kejin tsuntsu. Yara mata kan haɗa wa 'yar tsana gado da kujera. Abin da yara ke gani shi suke ƙerawa, shi ya sa aka kai lokacin da ake ganin babur da wayar salula na kara.

Ƙera mota aikin ɗan shekara takwas zuwa goma ne, kuma yakan ci safiya guda cur, wanda shi ne abin da uwa ke so a ranar jaura. Ƙaramin ƙane yana gefe yana miƙo totuwa, yana gutsurawa, yana jera gutsattsarin. Ba a ɗauke shi a matsayin mai koyo ba, amma koyon yake yi. Hannun da ya iya soka tsinke a totuwa ba tare da ta fashe ba shi ne gobe zai riƙe alƙalami, wanda shi ma a makarantar allo daga kara ko gamba ake fere shi.

Nasa rabon na kansa shi ne dokin kara. Kara ɗaya tsakanin ƙafafu, a lanƙwasa kansa a ɗaura masa tsumma a matsayin linzami, shi ke nan an yi hawa. Wannan ba wasan ɗaki ba ne sosai, amma zaure ko rumfa sun ishe shi, kuma sukuwar kan ɗumama jiki fiye da rigar sanyi.

Kara yana da haƙoransa. Gefen ɓawon da aka ɓare yana yanka kamar reza, tsinkensa kuma na iya tsone ido. Manyan yara sukan nemi tsohuwar reza domin yankan totuwa, abin da bai kamata a bari a ɗakin da mai rarrafe yake ba.

Rairayi da laka

Wasan da ya fi kama da na daron dusar ƙanƙara shi ne wasan ƙasa. Yaro na cika gwangwani da rairayi ya juye, ya sake cikawa, ya tona rami, ya binne hannunsa ya zaro. Idan rairayin da ɗan damshi sai ya tara shi a kan ƙafarsa, ya daddaɓe, ya zare ƙafar a hankali, ga ɗaki ya samu har da ƙofa. Yara mata kuma ga tuwon ƙasa, da miyar ganye, da rabon abinci a murafan kwalba, kowa da kwanonsa kamar yadda suka ga ana yi.

Abin da Bahaushe ke kora yaro a kansa, wasu ƙasashe sai da suka yi shiri kafin su samar da shi. A tsakiyar shekarun 1880 aka fara zuba tulin rairayi domin 'ya'yan talakawa a birnin Boston na Amurka, bayan wata likita, Marie Zakrzewska, ta ga ana yin haka a Berlin. Daga nan filayen wasan yara na zamani suka samo asali a Amurka.

Da hunturu ana iya shigo da wasan ciki. Rairayin rafi da aka tankaɗe aka cire ƙaya da kwalba da kashin dabbobi, a zuba a tsohon daro ko faranti, a ɗan yayyafa masa ruwa don kada ya yi ƙura, ya isa ya riƙe yaro tsawon lokaci. Ƙasar tsakar gida inda awaki da kaji ke yawo ba ta dace ba, saboda ƙwayayen tsutsar ciki.

Rani ne kuma lokacin gini. Kududdufai sun ja baya sun bar laka, magina na kwaɓa ƙasa suna jera tubali. Yara kan saci 'yar laka su mulmula shanu masu tozo da raƙuma da tukwane, wasu su yi bulo da kwalin ashana su tayar da gida. Busasshiyar iskar kan ƙame su cikin sa'o'i kaɗan, ko da yake ita ce kuma ke tsattsaga su. Wanda ya matsu ya ga saniyarsa ta yi ja yakan tura ta cikin tokar murhu, kuma daga nan ne ƙunar yatsa da yawa ke farawa.

Akwai ma farin abu mai tashi a iska. Idan rani ya yi nisa, ƙwanson rimi kan fashe audugarsa ta bazu a ƙasa, yara su bi ta suna hurawa. Haka suke yi da tumfafiya, su fasa 'ya'yanta su saki gashin ciki ya tashi. Sai dai audugar rimi tana kama wuta nan take, farin ruwan tumfafiya kuma guba ne, yana iya lahanta ido ƙwarai idan yaro ya murza da hannun da ya taɓa shi.

Bushewar iskar da kanta abin wasa ce. Yaran da fatarsu ta yi furu-furu kan yi zane ko rubutu da tsinke a ƙwaurinsu kafin a kama su a shafe su da man kaɗanya. 'Yan makaranta kuma sun san cewa idan aka goga biro a gashi zai ɗauki 'yan gutsattsarin takarda, abin da ba ya yiwuwa sosai da damina, domin damshin iska na kwashe lantarkin da gogayyar ta tara.

Bayan sallar isha'i

Da bazara, daren farin wata na dandali ne, 'yan mata na gaɗa, maza na langa. Sanyi kan rage wannan, ƙanana kuwa ya hana su gaba ɗaya. Sai a taru a ɗakin kaka ko na uwargida, inda wuta take, sau da yawa ana ɓarar gyaɗa ana hira.

Nan ne gidan tatsuniya. Akwai camfin cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata, wanda ko ba komai ya tabbatar da cewa ba a bar aiki an zauna sauraron Gizo da Ƙoƙi ba. Kafin a shiga labari akan fara da kacici-kacici da salon magana, inda ƙarami ma ke da damar jefa bakinsa a yi masa dariya. Yara mata na gefe suna carafke da tsakuwa. Idan akwai fitila, bango ya zama allon majigi, a haɗa yatsu a fito da inuwar kare ko zomo.

Yawancin waɗannan an tattara su a rubuce. Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, littattafan da ɗaliban firamare da dama suka tashi da su. Amma littafi ba ya canza murya idan Dodo ya shigo, ba ya kuma lura cewa ƙaramar cikinsu ta tsorata a sassauta.

Abokiyar hamayyar kaka a yau ita ce waya. Ko a ƙauyen da babu lantarki akwai mai cajin waya da hasken rana, akwai kuma mai tura finafinai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a guda a yini. Ta kuma ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini. Yaron ƙauye ya saba wuce wannan adadi ba tare da an lissafa masa ba. A makonnin sanyi ne kawai lamarin ke iya sauyawa.

Wutar da ke tara su

Ɗakin ƙasa mai rufin azara yana shan zafin rana ya riƙe shi zuwa dare. Rufin kwano, wanda ya yawaita a ƙauyuka, ba ya yin haka, yana hucewa da zarar rana ta faɗi. Ko wanne ne, idan ɗari ya kankama akan toshe taga da tsumma, a saki labule, a shigo da kaskon garwashi ko a hura itace a tsakar ɗaki.

Haɗari na farko ana ganinsa. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya na iya faɗawa kasko, ko ya jawo tukunyar kunu ko ruwan wanka. Babba kuma na iya matsawa kusa da wuta har gefen zane ya kama. Yawancin rigunan sanyin gwanjo na roba ne, idan suka kama wuta narkewa suke yi su manne a fata. Ga kara da harawa jibge a kusa, ga iska, shi ya sa gobara ta fi yawa a wannan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutane kimanin 180,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Idan ƙunar ta auku, abin da likitoci ke cewa shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har kimanin minti 20, a lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi, a rufe ciwon da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai da manja da gishiri da man goge baki, waɗanda hannu ke saurin kaiwa gare su, ba sa magani, suna ma iya jawo ruɓewa. Ƙanƙara ita ma ba a ɗora ta a kan ƙuna.

Haɗari na biyu ba a ganinsa. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa ke kama shi har sau 200 da ɗoriya, saboda haka sai ta hana jini kai iska mai kyau ga ƙwaƙwalwa. Alamunta ciwon kai ne da jiri da amai da kasala, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Mutane kan amince da garwashi saboda ya daina hayaƙi, alhali rashin hayaƙin ba ya nufin gubar ta ƙare. Yaran da ke wasa a gefen kasko suka yi shiru gaba ɗaya, suka fara gyangyaɗi ba lokacin barci ba, a fitar da su waje tukuna kafin a yi murnar sun natsu.

Maganin ba ya cin kuɗi. A ɗumama ɗaki tun da wuri, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar wata kafa da iska za ta shiga, kada kuma a kulle yara su kaɗai da wuta a tafi unguwa ko maƙwabta.

Na uku shi ne hayaƙin yau da gobe. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce a 2018 cutar namoniya ta kashe yara 162,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wannan shekara.

Iyaye da yawa na ɗora laifin namoniya a kan sanyi, su ƙara toshe ɗaki su ƙara wuta. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, hayaƙi da ƙura da cunkoso da rashin abinci mai gina jiki kuma su buɗe mata ƙofa. Alamar da ma'aikatan lafiya ke dubawa ita ce saurin numfashi: sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga jariri daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko kuma a ga ƙasan ƙirji na lotsawa idan ya ja numfashi. Nijeriya ta fara shigar da allurar rigakafin ɗaya daga manyan ƙwayoyin cutar cikin alluran yara a ƙarshen 2014.

Cunkoson ɗaki da busasshiyar ƙura su ne kuma ke share wa sanƙarau hanya, wanda ke ƙaruwa yayin da sanyi ke miƙa wa zafi. Kano na cikin wuraren da annobar 1996 ta fi yi wa ɓarna, lokacin da mutane sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar.

Akwai wani ƙaramin abu da ke tare da hirar dare. Gyaɗa da wake da tsakuwar carafke duk girman maƙogwaron ɗan shekara biyu ne, kuma a duhun ɗaki ba a ganin lokacin da ya jefa ɗaya a baki ko ya cusa a hanci.

Tashe ya dawo cikin sanyi

Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, watan azumi na zagaya lokutan shekara. A 2025 ya faɗo a watan Maris, yana kuma ja da baya zuwa tsakiyar hunturu, har a 2030 ana sa ran zai zo sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Rabon da a yi azumi a irin wannan lokaci tun ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000.

Wannan na nufin tashe, wanda yara ke farawa idan azumi ya kai kwana goma, zai riƙa faɗowa cikin daren sanyi na wasu shekaru. Manyan yara za su fita gida-gida kamar yadda aka saba. Ƙanana kuwa rabonsu shi ne shirin da ake yi a ɗaka kafin fita, inda ake liƙa gemun auduga, a cusa tsumma a yi tumbi, a shafa toka ko farar ƙasa a fuska, a nemo gwangwanin kiɗa. Gemun na auduga ne, kaskon kuma na nan kusa, saboda haka gara a yi shirin a zaure.